Facin da Na Yi wa Duron Yaya

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina faci a bakin babbar hanya, tsakanin Tsarnawa da Ƙonni, ƙarƙashin iccen bedi guda. Tayar keke, ta babur, ta amalanke, ta manyan motocin da ke ɗauko siminti daga Malbaza, babu wadda ban taɓa ba. Ba yabon kai ba ne, wurin da na liƙa ba ya sake buɗewa. Wannan labarin na faci ɗaya ne, wanda na yi wa wana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Ka hura tub, ka tsoma shi cikin daron ruwa, kana juya shi a hankali kana kallo. Inda kumfa ta taso, nan ɓarnar take. Ka soka tsinke, ka goge wurin, ka shafa sholisho, ka jira ya sha iska, ka ɗora faci ka danne. Sannan ka sake tsomawa. In ruwa ya kwanta luf, ka iya aiki. In ko ƙwaya ɗaya ta taso, ubangidana da ya koya mini ba ya ɓata bakinsa, mari ne. Da haka na tashi, har ta kai ko tulu na ga yana kumfa a bakin rijiya sai in ji raina ya sosu.

Yaya mai walda ne, ya ba ni shekara bakwai. Ya taɓa aiki a Malbaza wajen masu gyaran inji, ya dawo da jajayen idanu da sanin ƙarfe da wani hali na rashin bayani. Gida ɗaya muke, shi da matarsa da 'ya'yansa uku, ni da tawa matar, da Inna mahaifiyarmu. Rumfarsa tana bayan tawa. Zancensa da ni bai wuce "kama nan", "sake", "miƙo" ba. In ka tambaye shi dalilin abu sai ya dube ka kamar ka taka masa tabarmar salla. Ni kuma ina da zuciya, ba na son raini, don haka tun muna samari na daina tambayarsa komai. Ina sonsa, wallahi ina sonsa, amma ban taɓa gaya masa ba, shi ma bai taɓa nema ba.

Bayan shekarun farin nan da suka cinye mana dabbobi, abin da ya riƙe gidaje da yawa a wajenmu noman rani ne. Ruwa na fitowa daga baraj, wato madatsar da ke can gabas da mu, ya biyo kanal har gonaki. Muna da 'yar gonarmu a ciki, alkama da albasa. To wata shekara, wajen ƙarshen shekarun tamanin, alkama ta fara fidda kai ke nan sai ruwan kanal ya soma ja da baya. Kwana uku ya koma kamar fitsarin akuya, rana ta biyar ya tsaya cak. Baraj kuwa cike yake. Ƙofar da ruwa ke bi tana can ƙasa, gindin wata hasumiyar siminti da ke tsaye cikin ruwa, ana zuwa kanta ta wata siririyar gada. Mai kula da ita ya murɗa ƙarfensa har ƙarshe, ƙofa a buɗe take, ruwa dai bai fito ba.

Aka kai takarda buro, wato ofishin hukuma, aka ce a jira masu nutso daga Yamai. Alkama ba ta san jira ba, ganye ya fara naɗewa. Samari masu iyo suka gwada, amma zurfin ya fi gaba huɗu, kunne ba ya ɗauka. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu ya fito hancinsa na jini, ya ce ya shafa wani ƙaton kututturen gawo ya gitta a bakin ragar ƙarfen da ke tare shara, kara da laka sun taru a kansa sun toshe ko'ina. Abin da ake bukata mutum ya zauna can ƙasa, ya zagaya wa kututturen sarƙa, a ja shi da mota. Kowa ya yarda da haka, amma babu mai numfashin da zai kai.

Yaya bai ce da kowa komai ba. Sai na ga ya samo duro biyu masu kauri, ya yanke su, ya haɗa baki da baki, ya ɗaure su da zoben ƙarfe uku. Ya yi murfi a sama wanda ake ɗaurewa da noti takwas ta waje. Ya buɗe taga kamar tafin hannu biyu, ya sa gilashin fitilar babbar mota. A ƙarƙashi ya liƙa tsohuwar gangar jikin inji don nauyi ya ja shi ƙasa. Ya huda wuri biyu inda hannu zai fita, sannan ya sa bawul na taya a kan murfin. Ranar da na gane abin da yake nufi ita ce ranar da ya leƙo rumfata ya nuna babban famfona na hura tayar manyan motoci.

"Kai za ka ba ni iska," ya ce. "Roba duk taka ce. Ko ɗigo kada shi shiga."

Iyakar bayanin da na samu ke nan. Kwana huɗu ban taɓa tayar kowa ba. Na yanka tub na babbar mota na yi masa hannaye biyu har da yatsu, na ɗaure su da waya a bakin ramukan. Na yi robar murfi, na yi ta taga, na haɗa tiyo uku suka zama ɗaya mai tsawo. Duk inda na liƙa sai na bi da ruwan sabulu. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba, don shi ne karo na farko da Yaya ya ce wani abu nawa ne.

Gari kuwa ya samu abin dariya. Wasu suka ce jirgin ƙarƙashin ruwa ne za mu kai yaƙi, wasu suka ce Yaya zai je neman aure wurin 'yan ruwa, a ba shi goro ya kai musu. Inna ba ta yi dariya ba. Ta kira shi ɗaki ta ce ba ta yarda ba, alkama ta mutu in za ta mutu, ita ta ga yunwar da ta fi wannan. Ya durƙusa ya saurare ta har ta gama, ya ce to, ya fito ya ci gaba da walda.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da gaske, wani tsohon mahaƙin rijiya da ya haƙa rijiyoyi tun daga nan har Illela. Shi aka ba riƙon sarƙar da za ta saukar da duron, irin wadda makanikai ke ɗaga inji da ita. Ya ce da Yaya iskar wuri mai zurfi ba ta sallama in za ta kashe mutum, shi kafin ya shiga rijiya sai ya zura fitila ya ga ko za ta mutu. Yaya ya ce fitila za ta cinye masa rabin iskarsa, ya riga ya yi wa wannan dabara. Bai faɗi dabarar ba. Abin da suka shirya kawai bugu ne da sifana a jikin duro: bugu biyu lafiya lau, bugu uku a ja shi.

Ana gobe za a shiga, muka yi gwaji bayan la'asar a wuri mara zurfi kusa da bakin gadar, gaba ɗaya kacal. Mutane sun cika gaɓa. Na ɗaure masa murfi, aka saukar da shi, na kama famfo. Ruwa na rufe duron sai ga kumfa. Ba ƙwaya ɗaya ba, layi ne guda, duk bugun famfo sai ta taso ɓul-ɓul-ɓul daga gefe. Wani direba da nake yi wa faci, mutum mai baki kamar reza, ya ɗaga murya ya ce, "Mai faci, tayarka na yoyo!" Aka tuntsire da dariya, har da waɗanda ban taɓa zaton za su yi mini dariya ba. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in jefar da famfon cikin ruwa.

Aka fito da Yaya bayan kamar rubu'in awa, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana murmushi, abin da ba kasafai ake gani ba. Cikin duron a bushe yake. Bai ce komai ba game da kumfar. Ni kuwa na karanta shirun nasa yadda na saba karanta shi, wato ya gani, ya san aikina ne, ya ga ban isa ma a yi mini faɗa ba. Na ce a raina, yau iska ce ke fita a zurfin gaba ɗaya, gobe a gaba huɗu ruwa ne zai shiga. Tambaya ɗaya ce tsakanina da gaskiya, kuma muka taho gida tare a kan amalanke ɗaya, kafaɗata na taɓa tasa, ban yi ta ba.

Da aka idar da sallar asuba na ɗauki jakar kayan aikina na hau keke na nufi baraj. Gari ya waye sosai kafin in isa. Duron na kwance a kan gadar, mai gadi na can yana hura wutar shayi. Na bi robar murfi, lafiya. Na bi taga, na bi hannaye, lafiya. Sai can ƙasa ta baya, ƙarƙashin zoben ƙarshe, na ga wata roba kamar tafin hannu wadda ba ni na sa ba. An kafe ta da ƙusa biyu ta sama, sauran gefe uku suna reto. Na ɗaga ta, ga rami a ƙarƙashi wanda yatsa zai shiga.

Wallahi dariya na yi. Na ce ashe, ashe! Babban mai walda ya huda duronsa da wuta, ya ji kunyar gaya wa ƙanensa, ya rufe da facin 'yan walda, ga shi an yi mini dariya a kan laifinsa. Haushina ya wuce nan take, sai tausayinsa ya kama ni, har na ji daɗi, don ban taɓa kama shi da kuskure ba. Na zauna na goge wurin tas. Na shafa sholisho na liƙe robar duk zagaye. Ban tsaya nan ba, na yanko wata babba na ɗora a kai, na gasa ta da ƙarfe mai zafi yadda nake yi wa tayar motar siminti. Na sa farce na gwada ɓamɓarewa, ko motsi ba ta yi ba. Na yanke shawarar ba zan gaya masa ba sai ya fito, don ƙane ba ya tona wansa a gaban mutane, kuma ina so in ga fuskarsa in na faɗa masa mu biyu.

Da hantsi jama'a suka taru, har daga ƙauyukan da ba su da gona a kanal. Maza suka cika gadar da bakinta, mata suna can nesa a gaɓa ƙarƙashin itatuwa, matar Yaya na cikinsu. Inna ta ƙi zuwa. Aka rufe ƙofar ruwan don kada ya tsotse duron in wurin ya buɗe. Liman ya yi addu'a aka shafa. Yaya ya tuɓe ya bar gajeren wando, ya ɗauki tocila da sifana, ya duba bakin sarƙar da zai ɗaura wa kututturen, wadda aka rataye a waje inda hannun robar zai kai. Ya shiga ya zauna. Kafin in ɗora murfi ya ɗago kai ya dube ni.

"Kada ka tsaya," ya ce.

Ni na ɗaure notin nan takwas da hannuna. Tsohon ya fara sakin sarƙa, na fara famfo. Ruwa ya rufe taga, ya rufe murfi, ya kwanta luf. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba. Direban nan ya leƙa ya ce, to, yau kam mai faci ya gyara aikinsa. Zan faɗi abin da na ji, don na yi alkawarin ba zan ɓoye komai ba a nan: daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Kaina ya kumbura, ina famfo ina kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon na ƙirga gaba da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku. A kowace gaba sai mu ji bugu biyu ya biyo sarƙa. Da ya kai huɗu da rabi sarƙar ta yi sako-sako, ya sauka ke nan. Famfo ya fara nauyi, amma ban damu ba, jiya ma ya ɗan yi nauyi da aka saukar da shi. Sarƙar kututturen ta fara motsi, tana ja tana saki, alamar yana aiki.

Sai dai nauyin bai tsaya ba. Da ina dannawa da hannu, na koma sai na sa ƙirji. Na taɓa tiyo na ji ya yi tauri kamar sanda. To a sana'ata wannan abu ɗaya yake nufi, taya ta cika, in ka ƙara za ta fashe a fuskarka. Na rage hannu. Can na tsaya, na share gumi, na ce da tsohon duron ya cika taf, bari ya sha wadda ke ciki tukuna.

Tsohon ya daɗe yana kallona. "Ɗana, mutum ba taya ba ne," ya ce. "Shina shan iskan nan. Ƙaƙa za shi cika?"

Na ce masa, Baba, kai ka san rijiya, ni na san iska, kowa ya riƙe nasa. Haka na faɗa masa, a gaban mutane, da murya sama. Ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa sarƙa, muka jira. Bugu biyu ya zo, amma ya daɗe kafin ya zo. Na koma famfo ina yi ina hutawa, bugu goma in tsaya, bugu biyar in tsaya. Haka muka yi ta yi har inuwar hasumiyar ta taƙaita. Ban san tsawon lokacin ba, babu mai agogo kusa da ni, amma ya kusa awa.

Sarƙar kututturen ta miƙe ta tsaya. Wani ya ce ai ya ɗaure kututturen, aka fara kabbara. Sai bugu uku. Kafin tsohon ya kama sarƙa sai wasu uku, sannan bugu ba ƙirge, da sauri da sauri, kamar mai buga ƙofa wuta na cin ɗakinsa. Aka ja. Sarƙar ta miƙe ta yi ƙara, duron bai motsa ba. Gangar injin da ke ƙarƙashinsa ta nutse cikin laka, laka ta riƙe. Mutum biyar suka kama, mutum goma suka kama, gadar siririya ce ba ta ɗaukar fiye da haka. Aka ruga a kawo motar da za ta ja kututturen, tana can bayan madatsar, sai an zagayo da ita an nemo igiya mai tsawo.

Ni kuwa na faɗa kan famfo. Na manta da zancen fashewa, na manta da komai. Mu biyu muka hau hannun famfon, ni da direban nan, muna danna shi da duk nauyinmu yana turo mu. Fatar tafin hannuna ta tsage, ƙarfen ya yi santsi da jini, na naɗe da rigata na ci gaba. Bugun na ta zuwa, sai ya fara raguwa. Ya koma ɗaya, a jima, ɗaya. Ina kiran sunansa a bakin tiyo kamar zai ji ni. Daga baya tsohon ya ƙwanƙwasa sarƙa sau da yawa, babu amsa.

Ana kusan kiran azahar mota ta ja, laka ta saki. Da duron ya fito daga ruwa sai da mutane suka ja da baya. Murfinsa da gindinsa sun kumbura, hannayen robar nan biyu sun cika da iska sun miƙe sanƙarau. Gilashin ya yi hazo ta ciki, ba a ganin komai. Na sa sifana a noti na farko, da ƙyar ya juya. Ina kwance na uku iska ta fara fita da wani irin ihu, zafi, da wari. Murfin ya yi tsalle ya buge ni a kafaɗa. Yaya na zaune, kansa ya faɗi a ƙirji, jini ta kunne da ta hanci, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, gaɓoɓin yatsunsa sun saluɓe. Cikin duron a bushe yake, ko ɗigo bai shiga ba.

Ƙirjinsa na ɗan motsi. Muka sa shi a bayan motar muka kama hanyar likita a Ƙonni, kansa a kan cinyata. Ba mu kai kwalta ba ya cika. Kafin magariba an rufe shi.

Washegari aka ja kututturen. Ɗaurin da ya yi bai kwance ba, ya fito gaba ɗaya da tulin kara a bayansa, aka buɗe ƙofa, ruwa ya koma kanal. Jandarma suka zo suka zagaya duron, suka yi rubuce-rubuce, suka ce laka ce ta riƙe shi har iska ta ƙare masa. Kowa ya karɓi wannan, aka ce kwana ne ya ƙare. Masu zuwa gaisuwa suna yabonsa, suna yabona, suna nuna wa juna hannuwana da aka naɗe da tsumma. Tsohon mahaƙin rijiya ya zo ya yi addu'a ya tafi, bai dube ni ba. Abu ɗaya ne ke cina a rai, yadda za a yi mutum ya mutu da rashin iska a cikin abin da iska ta kusa fasawa. Na juya shi, na juya shi, ban gane ba, kuma kamar kullum ban tambayi kowa ba.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai, da hantsi, na shigo da damin gero na ajiye kusa da ɗakin matar Yaya. Tana takaba, tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, ta lulluɓe kanta. Na gaishe ta zan wuce, sai ta ce in tsaya, akwai abin da ke hana ta cin abinci, ba ta da wanda za ta gaya wa. Na tsuguna nesa kaɗan.

Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo tana magana. Ta ce tun yana haɗa duron take kuka, har wata rana yana cin tuwo ya ce ta zauna ya nuna mata. Shi da ba ya yi wa kowa bayani, ita ya yi wa, don ta daina kuka. Ya ce mata iskar da mutum ya shaƙa ya fitar matacciya ce, in ta taru a wuri ko da yawa ce kashe mutum take yi, dole ta fita sannan sabuwa ta samu wurin shiga. Ya ce ya yi wa duron hanci a ƙasa, da roba a kai, iska na ɗaga ta ta fita, ruwa na danne ta ya rufe. Ya ce mata, muddin tana ganin kumfa a kan ruwa, to yana numfashi, ko yini zai yi a ƙasa kada ta ji tsoro. Ranar gwaji da maza ke dariya, ita hamdala take yi.

Ranar da ya shiga kuwa, tun da ruwa ya rufe shi ba ta ga kumfa ba. Ta miƙe ta zo har bakin gadar. Maza sun cika wurin, ga liman, ga dattawan dangin mijinta. Wani ya ce mata ta koma, nan ba wurin mata ba ne. Ta ji nauyin ɗaga murya a kan zancen mijinta a gaban surukai. Ta ce wa kanta ƙila rana ce ke ɗaukar mata ido, ƙila nisa ne, ai ƙanensa na can, ya fi ta sani. Ta koma ta zauna.

"Ni na kashe shi," ta ce. "Ni kaɗai na sani, kuma na yi shiru. Da na buɗe bakina da an jawo shi tun laka ba ta kama ba."

Ban san yadda zan faɗi abin da ya same ni ba. Kunnuwana suka toshe, na ga gidanmu kamar ban taɓa shigarsa ba. Kuma zan faɗi wannan ma: akwai ɗan lokaci, gajere, da na ga hanya a buɗe. Babu wanda ya gan ni sai mai gadi, shi kuma bai san abin da na taɓa ba. In na ce mata ta yi haƙuri, ƙaddara ce, na tashi, shi ke nan, ita za ta ɗauka har kabarinta. Na tsani kaina a kan wannan ɗan lokacin kusan yadda na tsani kaina a kan facin.

Na gaya mata. Na faɗa mata dariyar direba, da keken asuba, da robar da na ɗauka kuskurensa ce, da ta biyun da na gasa a kai. Na faɗa mata har da tsayawar da na yi ina share gumi, bayan ya ce kada in tsaya. Muryata ba ta yi rawa ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta ɗago kai ta dube ni, karo na farko tun rasuwar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska.

"Kada Inna ta ji," ta ce.

A daidai nan Inna ta yi kira daga ɗakinta, wa ke nan. Na ce ni ne. Ta ce in shigo ta ga hannuwan. Na shiga na durƙusa, ta kwance tsumman a hankali, wurin ya yi ruwa bai warke ba. Ta lakato man shanu tana shafa mini, tafi ɗaya bayan ɗaya, hawayenta na ɗiga a kai.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce. "Kowa ya gaya mini. Kai ka ba ɗan'uwanka iska har hannunka ya tsage. Ban da kai da wa gare shi?"

Ƙofar ɗakin a buɗe take, matar Yaya na jin mu. Inna ta riƙe hannuna tana jira.

Na ce amin.